Dokin da Alhaji Sabi'u Ya Bari a Taɓo

Ku gyara zama, na zo muku da wata, kuma ba mai tashi daga nan sai ya faɗi nasa.

A gefen wani rafi a ƙasar Zazzau akwai gonar Inna Yalwa. Mijinta ya rasu ya bar mata barga mai turke goma sha biyu, amma ko doki ɗaya ba nata ba ne. Masu hali na birni ke kawo nasu ta riƙe musu. Ita ce harawa, ita ce dusa da kanwa, ita ce wanka da cire kaska. Su kuwa sai Asabar su zo da motoci da tabarau, a ɗaura musu sirdi, su fita kilisa cikin daji, su ɗau hoto su koma. Wani ko abin da dokinsa ke ci bai sani ba.

A cikinsu akwai Alhaji Sabi'u, mai wani ingarma baƙi wuluk da ake ce wa Akawal. Wata Asabar da damina, bayan ruwan kwana biyu, Inna Yalwa ta tare shi a bakin barga ta ce, "Alhaji, yau ku bi ta tudu, fadama ta sha ruwa."

Ya ce, "Inna, dokin nan nawa ne ko naki?"

Da suka kai mararraba ya bar jagora, ya karya linzami ya yi fadama don ya riga abokansa isa gindin dutse. Sama ciyawa kore shar, ƙasa taɓo. Akawal ya nutse har ƙirji. Alhaji ya rarrafo waje da takalmi ɗaya, ya yi ta zabga wa dabbar bulala har hannunsa ya gaji, sai ka ce dokin ne ya zaɓi hanya. Sannan ya ce, a gaban mutum shida, "Ya gama yawo. Duk mai so ya ɗauka." Ya hau dokin abokinsa a baya, ya tafi neman inda zai wanke riga. Ku ji mutum!

Labari ya iske Inna Yalwa tana jiƙa dusa. Ko hannu ba ta wanke ba ta taho da ƙafa. Ta tarar Jatau, jagoran kilisar, ya riga ya shiga. Doki in ya gaji a taɓo sauke kai yake yi, hanci ya cika, shi ke nan. Jatau ya ɗora haɓar Akawal a kafaɗarsa, laka har wuyansa, tun hantsi har la'asar. Matsattsaku suka sha jininsa. Dokin ya fizge sau ɗaya ya fasa masa haƙora biyu, ya tofar da su bai saki ba.

Cindo mai yankan harawa bai shiga taɓon ba, gudu ya yi. Ya san ƙarfin mutum ba zai fid da ingarma ba, sai shanun huɗa, kuma ba mai su a kusa sai surukinsa, wanda ke tsakiyar aiki a gona. Ya roƙa, tsohon ya hana. Cindo ya kwance bijiman a gabansa ya kora su. Da mutane suka ce a ɗaura igiya a wuyan doki, shi ya daka musu tsawa, "Ku kashe shi za ku yi?" Ya sa aka tona, aka zura igiyar ta ƙarƙashin ƙirji da buhuna a tsakani, sannan shanu suka ja. Har yau surukin ba ya amsa gaisuwarsa, kuma ya ce 'yarsa ta kwaso kayanta.

An fid da doki, amma ƙafafunsa sun mutu, ya ƙi tashi. Likitan dabbobi ya duba ya ce a yanka. Ladidi, mai dafa abincin gonar, ta ce, "Malam, ɗauki jakarka, mun gode." Ta ɗinka buhuna huɗu, aka rataye Akawal ta ciki a reshen ɗorawa don ƙafafun su riƙa taɓa ƙasa. Ta yi ta gasa su da ruwan zafi, tana ɗura masa kunun dusa da ludayi, yana furzar mata a fuska tana sakewa. Kwana goma sha uku. Tafin hannunta duk ya saluɓe. Ran na sha huɗu ya taka.

Ran nan sai ga motar Alhaji Sabi'u. Ya ga Akawal na kiwo, ya washe baki ya ce a ɗaura masa sirdi. Inna Yalwa ta tsaya a ƙofar barga, ta kira shaidun nan shida da sunayensu ɗaya ɗaya. Kunya ta kama shi, ta koma mugunta.

Ya ce, "To, na ji. Na bar wa wanda ya cece shi. Mutum ɗaya fa, Inna, ban da haɗaka. Ki faɗi suna ran Juma'a, in ba haka ba in turo mota a kai shi kasuwa, mahauta su san yadda za su yi da shi."

Tun daga ranar gonar ba daɗi. Jatau yana wangale baki yana nuna giɓi: "Da na saki, gawa za ku ja." Cindo ya ce, "Da ban zo ba, da har yanzu kana ciki kai da shi." Ladidi ko kallonsu ba ta yi, sai dai ta ce, "Nama kuka kawo min, na mayar muku da doki." Mutum uku da ke ci a kwano ɗaya, yanzu kowa ya juya wa kowa baya, saboda wanda ko ƙafarsa bai sake jiƙawa ba.

Inna Yalwa ta san in ta kira ɗaya ta zalunci biyu, in ta yi shiru an yanka dabbar. Yau Alhamis, tana zaune a bakin turke, Akawal na cin harawa a hannunta.

To, ku da kuka ji komai, sunan wa za ta faɗa gobe: Jatau, Cindo, ko Ladidi?