Wankan Baba Jatau

An ce wai a wani gari, wata rana bayan sallar isha'i, mutanen unguwa suka ji ana buga tasa a hankali, kwam, kwam, sai a yi tari, sai a sake bugawa. Ba biki ake yi ba, ba kuma husufin wata aka yi ba. Nomau mai faci ya leƙa ta kan katanga, ya ga maƙwabcinsa Baba Jatau zaune shi kaɗai.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. So nake ku ji ina nan, don a ofis sun ce na mutu."

Abin da ya faru shi ne, hukuma ta sauya tsarin fansho, ta kawo na'ura. Duk tsohon ma'aikaci sai ya ɗora babban yatsansa a kanta; wanda ta gane a biya shi, wanda ta ƙi a ɗauke shi mamaci. Shi kuwa Jatau ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana wankin zannuwan gado a asibitin gwamnati, har sabulu ya cinye zanen yatsunsa, suka yi sumul kamar bayan ƙwai. Aka tsayar da kuɗinsa, tukunyarsa ta yi sanyi.

Magana ta kai gaban Alƙali Mu'azu. Hashimu, shugaban ofishin fansho, ya ce, "Allah gafarta Malam, doka ce. Na'ura ba ta son kai, ba ta karɓar goro."

Alƙali ya ce, "Ba zan karya doka ba. Jatau ya rasu, Allah ya jiƙansa. Amma ba a barin gawar Musulmi babu sutura, kuma kai da ka tabbatar da mutuwarsa kai za ka wanke shi. A kawo ruwa da ganyen magarya da likkafani."

Aka shimfiɗa tabarma. Tsoho ya kwanta, ya rufe ido, ya ce, "Ɗana, da dama ake farawa. A sirka ruwan kuma, ba na son sanyi."

Babu wanda ya yi dariya. Hashimu ya durƙusa, ya kama hannun dama, ya tsaya yana kallon yatsan.

"Kada ka ji ƙyama," in ji Jatau. "Wataƙila a kan zanen da na wanke aka haife ka."

Hashimu ya sunkuyar da kai. "Allah gafarta Malam, yana da rai."

"Da me ka gane? Ai na'urar tana ofis."

"Hannunsa da ɗumi."

"To, ka biya shi duk abin da aka riƙe. Daga yau, wanda na'ura ta ƙi, sai ma'aikaci ya riƙe hannunsa kafin ya kira shi mamaci."

Masu hankali suka ce, wanda aiki ya goge wa shaida, gogewar ita ce shaidarsa.

A hanyar komawa gida Nomau ya dubi sauran maƙwabta ya ce, "Shi Hashimu bai san shi ba. Mu da muke katanga ɗaya da shi, muka ga hayaƙi ya daina tashi a gidansa, me muka ɗauke shi?"