Ban Haƙurin Lekishon a Gindin Ɗaki

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa mazan Masai, makiyayan nan na gabashin Afirka, suke tsalle sama ɗoɗar, dunduniyarsu ba ta taɓa ƙasa.

A da can ba su san tsalle ba, tafiya kawai suke yi bayan shanu. A cikinsu akwai wani Lekishon, mutumin kirki, sai dai bakinsa ba linzami. A ƙasarsu mata ke gina ɗaki, su yaɓe shi da kashin shanu, kuma abin kunya ne namiji ya hau rufi. Wata rana ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya ɗiga wa Lekishon a kunne. Ya fito gaban mata yana faɗa wa matarsa Nalangu, “Ai saniya ma ta fi ki iya yaɓe!”

Mata suka kwashe da dariya. Nalangu ta miƙe. Ta cika kwando da kashin shanu, ta hau rufi, ta janye tsani. Ɗakunan lokacin dogaye ne, ba kamar na yanzu ba.

Daga sama ta ce, “Maigida, ba zan bar maka ɗaki mai yoyo ba. Amma kwandon nan na ƙarewa, na tafi gidanmu ke nan.”

Lekishon ya ruga gindin ɗakin, don yana son matar nan kamar ransa. Ya ce, “Haba Nalangu, yi haƙuri mana!”

“Bango kake ba haƙuri? A ido ka ci mutuncina, a ido za ka roƙe ni.”

To fa! Ba tsani, ba halin hawa. Ya durƙusa, ya yunƙura, ya yi sama, ya faɗo tim a kan dunduniya. Zafi ya harbe shi har gadon baya, ko gashinta bai hango ba. Ya sake, ya sake. Ita kuwa tana ta yaɓe, har da 'yar waƙarta.

Da dunduniya ta ƙi takuwa don ciwo, sai ya dira a kan yatsu. Kai, abin mamaki! Agararsa ta miƙe kamar tsirkiyar baka, ta cilla shi sama ba wahala. Ya daina durƙuso, ya miƙe sambal, yana dira yana tashi, kowane tsalle na ɗara na baya. Can sai ga idon Nalangu, ga yaɓen da ke kwando bai wuce cikin hannu ɗaya ba.

Tsalle ɗaya, kalma ɗaya. “Na!” Ya sauka. “Yi!” Ya sauka. “Kuskure!”

Ta ce, “Iska ta kwashe, ban ji ba.”

Bawan Allah ya sake daga farko, gumi na tsiyaya, gari ya taru ana tafa masa. A karo na bakwai, da fuskarsa ta ɓullo, dariya ta ƙwace mata. Ta dangwala masa ragowar yaɓen a goshi, ta zuro tsani.

Samari na gefe suna kallo. Babu wanda ya yarda da bakinsa a cikinsu.

Shi ya sa har yau saurayin Masai ke koyon tsalle a kan yatsu tun kafin ya yi aure. Ya san ranar da zai yi suɓul da baka tana tafe.