Dila Mai Gadin Gidan Agwagwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata Agwagwa ce a bakin tafki, muzuru ya cinye mata miji, ya bar ta da 'ya'ya bakwai. Tun daga ranar ba ta da zance sai na tsaro. Ta je wajen Kare, ya ce shi haushi kawai ya iya. Ta je wajen Kunama, ta ce ita ba ta bambanta ɓarawo da ɗan gida.

Dila yana kwance a gindin kalgo, kwana biyu bai sa komai a ciki ba, duk ya ji. Ya lashe baki, ya je ya yi sallama.

Ya ce, "Baiwar Allah, zan kewaye miki gida da igiya, in rataya ƙwarya da katantanwa. Ko ƙadangare ya taɓa, sai ta yi kwaram-kwaram. Ni kuma ina kan tudu ina saurare. Da na ji, na iso."

Ta ce, "Malam Dila, me za a riƙa ba ka?"

Ya ce, "Kifi biyu kullum. Don marayu nake yi."

Ya ja igiya, ya ja igiya, da ya zo bayan rumbu sai ya bar 'yar kafa daidai ƙirjinsa.

Rana ta take, Agwagwa ta tafi tafki, Dila ya bi ta kafar ya ɗauke ɗa guda. Da yamma ya zo gaisuwa, har da hawaye.

Ya ce, "Igiyar ta yi ƙara?"

Ta ce, "Ba ta yi ba."

Ya ce, "To, katantanwar ce ta yi kaɗan." Ya ƙara katantanwa, ya karɓi kifinsa.

Aka kwana biyu, wani ɗan ya ɓata. Aka kwana biyu, wani ya ɓata. Agwagwa ta daina cin abinci. Ta zaga gidan ita kaɗai, ta ga kafar, ta ɗauka mantuwa ce. Ba ta gaya wa kowa ba, ta je ta roƙi Mesa ta zo ta kwanta a wurin.

Rana ta take, Dila ya cusa kai. Kafin ya cusa wutsiya, Mesa ta naɗe shi. Haƙarƙarinsa ya ce ƙas.

Da ƙyar ya ce, "Yaya, gwada ki na zo yi. Kin iya aiki."

Mesa ta ƙara matsewa.

Ya ce, "Haɗiye ni, ba komai. Gashi ne da ƙashi, wata guda za ki yi kina ciwon ciki. Amma me aka ba ki kalaci?"

Mesa ta ce, "Kwaɗo ɗaya."

Ya ce, "Kwaɗo ɗaya. Ga huɗu can a inuwa sun yi ɓul-ɓul, an ce ki tsare. Ke kuma wa aka sa ya tsare ki?"

Mesa ta kalli inuwar. Can ta sassauta. Dila ya sulale, Mesa ta juya ta nufi inuwa, ta haɗiye su huɗun. Da Agwagwa ta dawo daga tafki tana kiran 'ya'yanta, ita ma ta bi su cikin Mesa.

Dila ya yi kwana bakwai yana jinya. Rana ta takwas ya ɗingisa zuwa gidan Kaza, igiya a kafaɗa.

Ya ce, "Baiwar Allah, kin ji abin da ya sami Agwagwa? Mai gadi ta canza ba ta shawarce ni ba."

Kaza ta tattaro 'yan tsakinta jikinta, ta ce, "Shigo, Malam."

Kurunkus, ta ƙare a nan. Kafin ku tambayi mai gadi ladansa, ku tambaye shi me ya saba ci.