Burtu Mai Ɗori da Ba Ya Barci

An yi wani Burtu mai ɗori a zamanin da kuraye da birai ke yaƙi a kan wani rafi. Duk wanda ya karye, gindin tsamiya ake kai shi, inda Burtu ke aiki da tsohon Kunkuru mai jiƙa magani.

"Ni tun da aka fara yaƙin nan ban runtsa ba," in ji Burtu, yana hura maƙogwaro. "Barci ma tsorona yake ji."

Shi kuwa Kunkuru, da rana ta take sai ya ja kai cikin ƙoƙonsa ya ɗan huta.

"Malam, mu riƙa karɓa-karɓa mana," ya ce. "Ka kwanta, in tsare maka."

"Ana kakkarya bayin Allah kana ɓuya a ƙoƙo? Kai dai rago ne, Baba!"

Ana nan, sai kan Burtu ya fara juyawa. Ya gai da biri da "Sannu, Kura." Ya yi ta neman karan ɗori alhali yana bakinsa. In ya rufe ido aka taɓa shi, sai ya zabura: "Tofi nake yi! Kada a katse ni!"

Rannan aka kawo Barewa, ƙafarta ta hagu a karye. Ga kuraye an ce sun doso. In ba a ɗaure ta yau ba, ita ce abincin darensu.

Burtu ya jera kara, ya rufe ido, ya shiga naɗa tsumma.

"Malam, ba ita ba ce!" in ji Barewa.

Burtu ya ci gaba da naɗi.

"Malam, wai wace ƙafar kake ɗaurewa?"

"Hagu... dama... duk ƙafa ce, 'yar nan."

Da ya gama, Barewa ta yunƙura za ta miƙe, ta kife. Burtu ma ya bi ta, rim! Ashe lafiyayyar ƙafar ya ɗaure, ya haɗa da tasa.

"Wa ya karye?" in ji Burtu. "Ni ne? Wa ya kawo ni?"

Kunkuru ya lallaɓo ya kwance su, ya ɗaure ta hagun a natse, aka ɗauke Barewa aka ɓoye.

Burtu ya karkaɗe fiffike. "Sabuwar dabara ce. Idona biyu, tofi nake yi."

"Allah Ya gafarta Malam," in ji Kunkuru, "shekarata nawa ina jin tofi. Yau ne na fara jin mai minshari."

Darasin wannan labari shi ne, mai taimako ma jiki gare shi. In ya ƙi hutawa ya ƙi a karɓe shi, barcin da ya kora zai dawo ya same shi a kan ƙafar wani.