Goro Goma Sha Uku a Zauren Barde

An ce wai a garin Tudun Marke an yi wani hakimi, Barde Ishaƙa, mutum mai jinkirin magana, wanda idan aka kawo masa ƙara yakan bar masu ita su yi ta zuba har su yanke wa kansu hukunci. Garin kuwa ba shi da abin alfahari da ya wuce ƙungiyarsa ta ƙwallon zari-ruga, wadda ake kira Ɓauna. Wasa ne na mutum goma sha uku a kowane ɓangare: a rungumi ƙwallo mai siffar ƙwai a sheƙa da gudu, abokan karawa su cafke mutum su kayar, wanda ya dire ta bayan layinsu shi ya ci. Wasan ya shiga jinin mutanen garin har kowa ya zama gwani, musamman waɗanda ba su taɓa riƙe ƙwallon ba.

A shekarar da abin ya faru, Ɓauna ta sha kashi sau shida a jere. Saura wasa ɗaya ranar Asabar, in aka sake cinye ta a sauke ta daga babbar gasa. Aka tattara laifin kaf aka ɗora wa koci Lurwanu, wanda ya shekara tara yana horar da 'yan wasan, ba shi da wata sana'a kuma ba shi da wani suna a garin sai wannan. A teburin mai shayi maganarsa, a rumfar mahauta maganarsa. Wani ya ce ya tsufa, wani ya ce bai san wanda zai sa a gaba da wanda zai sa a baya ba. Ran Talata sai ihu ya koma jifa, aka fasa masa taga, alhali matarsa na ciki.

Da labari ya kai wa Barde, sai ya sa aka kira kowa washegari da hantsi. Zaure ya cika har waje. Lurwanu ya zauna a gefe shi kaɗai, hularsa a gwiwa, babu wanda ya ba shi hannu.

Sarkin Fawa Tanko, shugaban magoya baya, shi ya fara. Ya ce, “Ranka ya daɗe, mun gaji. Mutumin nan ya mayar da mu abin dariya a ƙasar nan. Zaɓensa ba zaɓe ba ne, kuma ba ya jin shawarar kowa. A cire shi yau, kafin Asabar ta riske mu da shi.”

Zaure ya ɗauka, “A cire shi! A cire shi!”

Barde ya bari har hayaniya ta lafa, sannan ya ce, “To, Sarkin Fawa, cikin 'yan wasan nan goma sha uku babu ko ɗaya mai kirki?”

“Akwai ɗaya,” in ji Tanko. “Nomau, wani ɗan ƙauye. Shi kaɗai yake kayar da mutum ya tashi ya kayar da wani. Ba don shi ba, da kashin da muke sha ya ninka.”

Kowa ya ce haka ne. A kan wannan kaɗai suka yarda da juna.

Barde ya juya ga Lurwanu ya ce, “Kana da magana?”

Lurwanu ya ce, “Ranka ya daɗe, ni ne koci. Abin da ya faru a hannuna ya faru.” Sai wasu suka yi tsaki, suka ce ga shi nan ya amsa da bakinsa.

Sai Barde ya sa aka kawo faifai, ya ƙirga goro goma sha uku ya jera a kai. Ya ce, “Na ji ƙararku, kuma yau zan cire wanda ya zaɓi wannan ƙungiya. Amma ba a barin kujera babu kowa. Ina neman a cikinku mai ido, wanda ya san ɗan wasa. Kowane goro a nan ɗan wasa ɗaya ne. Duk wanda ya san shi ya nuna wa Lurwanu wani yaro har aka sa shi, to ya faɗi sunan yaron ya ɗauki goronsa, don in san masu ido a garina.”

Ai kuwa sai fuskoki suka washe. Wanda ɗazu ya ce koci ba ya jin shawara, shi ya riga kowa miƙewa. Tanko ya ce, “Ranka ya daɗe, manyan nan biyu na gaba, ni na taka har gidansa na ce ya sa su. 'Ya'yan ƙanena ne, tun suna yara suke kayar da sa.” Ya kwashe goro biyu. Alhaji Sambo mai tireda, wanda ya saya wa ƙungiya riguna, ya ce mai gudun nan na gefen dama da shi da masu bi masa biyu duk nasa ne, ya ɗauki uku. Malam Hashimu, surukin Lurwanu, ya gyara murya ya ce shi bai cika shiga harkar wasa ba, amma dai autansa ya kai, ya ɗauki ɗaya. Haka aka yi ta tashi, mai unguwa da na'ibin liman da shugaban direbobi, kowa yana ɗauka yana waigen 'yan uwansa don a ga yawan nasa.

Abin da ya jawo haka kuwa ba ɓoyayye ba ne. A Tudun Marke, idan babba ya tako da ƙafarsa ya shigo zaurenka da sassafe ya roƙe ka abu, ba ka iya duban idonsa ka ce a'a. Kunya ce, kuma abu ne mai kyau, da ita gari yake zaune lafiya. Amma ba a kayar da ƙato a fili da kunya. Kowannensu ya ɗauka shi kaɗai yake zuwa, alhali a bakin ƙofar Lurwanu takalmin wani bai gama fita ba na wani ya shigo.

Da aka gama, Barde ya leƙa faifai. Saura goro biyu.

Ya ce, “Nomau fa? Wa ya kawo shi?”

Nomau ba shi da kawu a kasuwa, ba shi da uba a fada. Barde ya sake tambaya, babu wanda ya motsa. Sai Lurwanu ya ce a hankali, “Ni na gan shi yana dakon buhuna a tasha, ranka ya daɗe.”

Barde ya ɗauki goron ya miƙa masa. A nan ne masu saurin ganewa suka fara zura hannu a aljihu. Tanko ya dubi goro biyun da ke tafinsa.

Saura ɗaya. Kowa ya san na wane ne, kuma babu mai ƙarfin halin faɗa. Ɗan wasan da ya rage shi ne Muntari, ɗan Barde na cikinsa, wanda ya saki ƙwallo sau uku a wasan ƙarshe, amma duk da haka ba a taɓa zaginsa a teburin mai shayi ba. Lurwanu ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Wannan ma nawa ne, ranka ya daɗe.”

Barde ya ce, “Ba naka ba ne, kada ka yi ƙarya don ka rufa mini asiri. Ban taɓa zuwa zaurenka ba, ban taɓa cewa ka sa shi ba. Amma duk Juma'a idan muka gaisa nakan ce maka, yaya ɗan naka yake yi a fili? Na san abin da tambayar hakimi take nufi a kunnen talaka, kuma ban daina ba.” Ya miƙa hannu ya ɗauki goron da kansa.

Sannan ya ce, “Na yi alkawari zan cire wanda ya zaɓi ƙungiyar da ta sha kashi sau shida. To, ga mu nan da goro a hannu. Na cire mu duka, ni ne na farko. Kun ce mutum ɗaya ne mai kirki a fili, shi ne kuwa kaɗai wanda koci ya zaɓa. Kai kuma Lurwanu, kada ka yi murna, kana da naka laifin. An ba ka amanar gari ka raba ta don kada a ji haushinka, ka bar yaran da suka cancanta a benci suna kallo. Ba zan kore ka ba, abin da zan ɗora maka ya fi kora nauyi: ka zaɓa da kanka, in an ci ka ranar Asabar, wannan karon da gaske kai aka ci.”

Tanko ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Ranka ya daɗe, wato an hana mu shawara ke nan?”

Barde ya ce, “A'a, Sarkin Fawa. Mai shawara ya kawo ta nan zauren da rana tsaka. Ranar wasa kuma mai shela zai kira sunan ɗan wasan, ya haɗa da sunan wanda ya kawo shi, gari ya ji. In yaron ya yi abin kirki a yaba maka, in ya saki ƙwallo a san tagar da za a nufa.”

Daga Laraba har Asabar, babu wanda ya kawo shawara ko ɗaya.

Ran Juma'a da yamma Lurwanu ya zo fada da takardar sunayen waɗanda ya zaɓa. Ya canza mutum bakwai. Barde ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya sake karantawa, babu sunan Muntari. Abin ya yi masa zafi, don uba ne, kuma bai ɓoye ba. Sannan ya ninke takardar ya mayar masa, ya ce, “Yau na ga koci.”

Ranar Asabar Ɓauna ta tsira da ƙyar, da tazarar maki biyu. Muntari ya kalli wasan daga benci, ubansa kuwa yana zaune a rumfa da goron nan a aljihu, bai ci ba, bai kuma bayar ba. An ce har ya bar duniya yana ajiye da shi a bushe, idan zai sa baki a aikin wani sai ya laluba shi ya fasa maganar.

Masu hankali suka ce: wanda ka ɗora wa aiki, sakar masa hannu kafin ka tuhume shi, in kuwa ka riƙe hannun, to rabin laifin yana tafinka.