Gara a Gindin Rumbun Dagaci

Wani dagaci ya sha miyar naman kaza, farar laimar nan da ke tsirowa kan suri da damina. Sai ya kira Tasalla mai tsinto shi.

"Ki shuka min shi a gidana, ko in ƙwace gonarki."

"An gama, ranka ya daɗe. Sai dai ba shi da iri, gara ce ke nomansa. Gobe zan kawo ta mu zuba gindin rumbunka."

"Rumbuna? Ai cinye hatsin za ta yi!"

"Ita in ta ci tana sakawa da miya. Rumbunanmu da fada ke ci fa, me ya taɓa tsirowa?"

Dagaci ya ce a bar gara a daji.