Gaggafar da ta yi wa Inna Kulsumu inuwa

A Ƙauran Namoda an yi wani Shehin malami masani, waliyyi mai tsentseni, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda harshensa bai rabuwa da zikiri, kuma bai taɓa sallamar mai kuka hannu wofi ba.

Wurinsa Mubashir, wani manomi daga Birnin Tsaba, ya zo ido jawur. Mahaifiyarsa Kulsumu, wadda tsufa ya taɓa wa hankali, ta fita da hantsi wai za ta kai wa mijinta fura gona, alhali shekararsa tara da rasuwa, ga shi kwana uku babu labarinta.

Shehin ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ka bi gabas da tsohuwar gonarku, ka dubi sama. Tsuntsu zai nuna maka."

"Allah shi gafarta Malam, tsuntsaye na da yawa a dajin nan."

"Za ka ga shaho, ƙarami, yana kaɗa fiffike da sauri yana kurɗawa tsakanin itatuwa. Ƙyale shi, cikinsa yake nema. Ka jira gaggafa, mai faɗin fiffike da guntun wutsiya, wadda ke shawagi can ƙololuwa ba ta kaɗawa. Kuma ka riƙi ruwa, ɗana, ka riƙi haƙuri."

Washegari shaho biyu suka gifta masa, zuciyarsa na ingiza shi ya bi, ya daure. Sai da azahar ya hangi gaggafa tana kewaya wuri guda, ya kuwa san gawa ce ke tara irinta a daji. Ya sheƙa da gudu yana salati.

Ya tarar da tsohuwar kwance gindin wata busasshiyar ƙirya, ƙwaryarta a gefe, da sauran numfashi. Ya tallafo kanta ya ba ta ruwa. Ta dube shi, ta kira sunansa, abin da ta shekara biyu ba ta iya ba.

"Mubashir, ka zo? Tsuntsun nan ke sauka bisa reshe yana buɗe mani fiffike in rana ta yi zafi."

Ya laƙƙana mata kalmar shahada, ta amsa sarai, ta cika a hannunsa.

Da ya iso gida da ita, ya iske tun da safe Shehin ya aiko da likkafani da turare.

Tsarki ya tabbata ga Mai hore wa bayinSa abin da Ya so. Allah Ya jiƙan Inna Kulsumu, Ya haskaka makwancin Shehu, Ya ba mu albarkacinsa, amin.